Shukar da ake cewa tana yi wa kiɗa rawa, ina gaskiyar maganar?

Mai Lambu, Garwa:
Assalamu alaikum. An turo mini bidiyo a WhatsApp na wata shuka wadda ƙananan ganyenta ke juyawa da kansu, mai bidiyon yana cewa kiɗa take yi wa rawa, wai kuma motsin shaida ce ta ƙarfin maganin da ke cikinta, har yana tallar irinta. Na san gumbin bakin Binuwai yana rufe ganye idan an taɓa shi. Shin danginsu ɗaya ne, kuma yaya mutum zai tantance batun maganin?

Malamar Kimiyya, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Bisa kwatancenka, wannan ita ce Codariocalyx motorius, 'yar asalin yankunan Asiya masu zafi, kuma dangin wake ce kamar gumbi, sai dai gumbi yana jiran a taɓa shi, ita kuwa ƙananan ganyenta biyu na gefe suna kewayawa cikin 'yan mintoci ko babu wanda ya kusance ta. A gindin kowane ganye akwai ɗan kumburi kamar gwiwa. Idan sinadarin fotasiyam ya fice daga ƙwayoyin halittar ɓangare ɗaya na kumburin sai ruwa ya bi shi, ɓangaren ya saki, ganyen ya karkata, kuma ɗumi yana ƙara wa motsin sauri. Tun 1729 wani masani Bafaranshe, de Mairan, ya ajiye Mimosa, 'yar'uwar gumbi, a cikin duhu, ya ga tana buɗe ganye da rana tana rufewa da dare duk da haka. Batun kiɗa kuwa agogo ne zai raba gardama: a ƙirga kewayen ganyen cikin shiru, a sake ƙirgawa da kiɗa, a wuri ɗaya da zafi ɗaya. Mai bidiyon ya nuna motsin ganyen cikin shiru?

Tsohon Malamin Dabbobi, Ngaundare:
Malama ta gama da motsi, ni zan tsaya kan magani, domin a nan ne ake cin kuɗin mutane. Motsin ganye ba ya nuna abin da ke cikinsa. Mimosa pudica, mai rufe ganye da an taɓa ta, tana ɗauke da sinadarin mimosin, amma itacen Leucaena da ake shukawa don ciyar da dabbobi, wanda ko ka mare shi ba zai rufe ba, yana da shi da yawa. Na taɓa ganin dokin da aka cika wa ganyensa, gashin jelarsa yana zuba a hannu kamar audugar rimi. Sanin abin da ke cikin ganye sai a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake tace ruwansa a ware sinadaran a auna yawansu. Ka tambayi mai tallar, ƙanena, wane sinadari ne, a ganye ko a saiwa, kuma nawa ne a kowane giram.

Mai Lambu, Garwa:
Na gode, Yaya, na gode, Malama. Na aika masa tambayoyin tun da azahar, ya karanta, ya maido mini da farashin iri kawai.