Samfurina ya ƙi narkewa, wai ya ake NMR ɗin daskararren abu?

Ummi_Samaru:
Salam 'yan'uwa, don Allah masu kemistiri ku taimaka min. Ina mastas a nan Samaru, aikina shi ne haɗa ledar fiya wata da zaren rama, na jiƙa zaren a ruwan soda na wanke na busar sannan na narka ledar na cakuɗa su. To a semina wani malami ya ce FTIR (awo da hasken infared) kaɗai bai isa ba, in nemi NMR (awon tsarin sinadari da ƙarfin maganaɗisu). Ni kuma NMR ɗin da na sani sai an narkar da abu a kulorofom an zuba a siririyar kwalba, nawa kuwa kwana uku yana ciki ko gezau bai yi ba. Wai akwai wanda ake yi da abu a bushe? Kaina ya kulle wallahi.

Malam_Bashir:
Wa alaikis salam Malama Ummi. Akwai, kuma ma ko da ya narke ba shi kike so ba. Ledar foliyetilin ce, tana narkewa a zailin mai zafi sosai, amma da zarar ta narke kin rushe ainihin abin da kike nema, wato yadda sarƙoƙin suka jeru, wani wuri a shirye tsaf kamar buhunan da aka jera a sito, wani wuri a hargitse.

Matsalar daskararren abu ita ce ƙwayoyinsa ba sa juyi yadda suke yi a ruwa, sai sigina ta fito a baje, tudu ɗaya mai faɗi ba ki gane komai. Dabarar da masana kimiyya Andrew da Lowe suka kawo a 1958 da 1959 ita ce a dinga juya samfurin da gudu a karkace, digiri 54.7 daga layin maganaɗisun, shi ake ce wa majik angul. Ana danna garin samfurin a wani ɗan ƙaramin bututu na zirkoniya da ake kira rota, mai milimita 4 tana iya juyawa sau dubu goma ko fiye a daƙiƙa ɗaya, iska ce ke tura ta. Abu na biyu kabon-13, wato nau'in kabon ɗin da injin ke iya gani, kaɗan ne, kashi 1.1 cikin ɗari na duk kabon, shi ya sa ake aro masa ƙarfi daga haidirojin da ke kusa da shi, wannan shi ne CP. Schaefer da Stejskal ne suka haɗa dabarun a 1976 suka gwada a kan folima, wato abubuwa masu dogayen sarƙoƙi irin su leda.

A naki, ledar za ta ba ki layi wajen 33 ppm (ma'aunin inda layi ke fitowa a NMR) na ɓangaren da ya jeru, da wani wajen 31 na hargitsattsen. Selulos ɗin ramar kuma ki duba kabon na huɗu a zoben gulukos ɗinsa, 89 jerarre, 84 wanda bai jeru ba. Wanda ya fi burge ni ma shi ne 21 da 173, na asetil, wani ɗan rukunin sinadari da ke jikin hemiselulos ɗin zaren, in sodarki ta yi aiki za ki ga sun ragu sosai ko sun ɓace, 56 kuma na lignin ne, sinadarin da ke manne zaren.

Sani_TudunWada:
Hmm Malam ka yi bayani amma ni dai gaskiya ina ganin wahala za a ɗora wa yarinya. In jeruwar kawai ake son sani ai XRD (awo da hasken X-ray) da DSC (awo da zafi) sun wadatar kuma an fi samunsu. Sannan ba duk mai injin NMR ne ke da na'urar da ke juya rota ba, ki tambaya tukuna kafin ki kai samfur, ni na taɓa ɗaukar nawa har wani gari na tarar na ruwa kaɗai suke yi, kuɗin mota ya tafi a banza.

Dakta_Hauwa:
Sani da gaskiyarka ta wani ɓangaren, amma XRD ba zai faɗa mata ko asetil ya fita ba, kuma a cakuɗe layukan ledar da na selulos suna hawa kan juna wajen digiri 21 zuwa 23, raba su aiki ne.

Ƙanwata abin da zan ja miki kunne a kai, kada ki ɗauki girman layukan CP ki lissafa kashi nawa ne ya jeru, ɗalibai da yawa nan suke faɗawa. CP ya fi son ɓangaren da ya sandare, mai motsi kuwa yana rage masa murya, sai 33 ya fito ƙato ki ɗauka ledarki duk ta jeru. In lissafi kike so sai a bugi kabon ɗin kai tsaye a jira ya huce tsakanin bugu da bugu, jerarren foliyetilin kuma yana iya cin ɗaruruwan daƙiƙoƙi kafin ya koma daidai, to kin ga dalilin da injin zai kwana a kan samfur ɗaya. Ki aika guda uku, ramar da ba a taɓa ba, wadda ta sha soda, da cakuɗen. Sodar kashi nawa kika sa? In ta yi ƙarfi selulos ɗin na sauya tsari, layin kabon na shida ya tashi daga 65 ya koma wajen 63.

Ummi_Samaru:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara ilimi. Anti kashi 5 na sa, awa huɗu. Sauran ɗanyar ramar ma saura kaɗan in zubar, bari in je in ɗauko ta. Nawa ake buƙata, kuma sai na niƙa?

Dakta_Hauwa:
Kashi 5 ba zai sauya shi ba, ki kwantar da hankalinki. Miligiram 100 na kowanne ya isa rota mai milimita 4. Ki yanka ƙanana sosai su zama bai ɗaya don rotar ta juya daidai, amma kada ki bari ledar ta yi zafi wajen niƙa, in ta narke ta sake daskarewa jeruwar da za a auna ba ta samfurinki ba ce.