Logger ɗin zafi da danshi ya ƙi ba ni data

mai_auna_danshi: Salam 'yan uwa. Na ajiye logger (ƙaramar na'ura mai aunawa da ajiye sakamakon a cikinta) yana auna zafi da danshi duk bayan minti 10, yanzu na jona shi da kwamfuta ta USB amma manhajar ba ta ganinsa kwata-kwata, fitilarsa ma ba ta ƙyaftawa. Ko dai batir ne ya mutu? Wallahi data ɗin nan nake tsoron ya tafi, aikina gaba ɗaya a kansa yake.

injiniya_k: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan uwa, yawancinsu a memori da ba ya gogewa suke ajiya, ko batir ya mutu abin da aka riga aka auna yana nan. Sa sabon batir, sannan ka canza waya domin wasu wayoyin USB caji kawai suke yi ba sa ɗaukar data. Ka duba direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar) ma ya shiga.

yar_lab: Don Allah in ya buɗe kar ka taɓa launch ko start (maɓallin fara sabon awo), readout (maɓallin sauke data) za ka fara dannawa, saboda fara sabon awo na iya goge tsohon abin da ke ciki kuma ba ya dawowa. Ka sauke tukuna, ka fitar da shi CSV (fayil ɗin data da Excel ke iya buɗewa), ka ajiye kwafi biyu kafin ka buɗe a Excel.

injiniya_k: Gaskiya ne. Ka kuma duba layin ƙarshe, kwanan watansa zai nuna maka lokacin da ya yi awo na ƙarshe.

mai_auna_danshi: Wayar ce ashe! Yana saukewa yanzu, Allah ya saka da alheri.