Duk foldojin filas sun koma shotkat, mene ne mafita?

Dan_Kasuwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Bayan an sa filas a kwamfutar shagon buga takardu, duk foldoji sun koma shotkat (wato alamar da ke nuna hanyar zuwa folda, ba ainihin foldar ba), alhali filas ɗin na nuna akwai kaya a ciki. Fayilolin sun salwanta ne?

MaiGyaranKwamfuta: Wa alaikumus salam. Suna nan, bairos ne ya ɓoye su. Kada ka kuskura ka danna ko shotkat ɗaya, dannawar ce ke sa bairos ɗin ya shige kwamfutarka. Duba harafin da kwamfuta ta bai wa filas ɗin, a ce E ne. Buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter. Foldojin za su fito. Sai ka goge shotkat ɗin, da autorun.inf, da duk baƙon fayil mai ƙarewa da .vbs.

Hajiya_ICT: Gaskiya ne Malam, amma in kwamfutar ta riga ta kamu, da an mayar da filas ɗin cutar za ta dawo. A fara yin Microsoft Defender Offline, wato binciken bairos da ke cikin Windows. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, binciken kamar minti 15 ne.

MaiGyaranKwamfuta: Haka ne. Bayan nan ya kwashe fayilolinsa ya yi wa filas ɗin fomat, wato ya share komai da ke cikinsa. Shagon buga takardu kuwa, a tura musu PDF ta WhatsApp ko imel.