Idan mai kisa ya tambaye ka inda abokinka ya ɓuya, za ka faɗa masa gaskiya?

Ɗan Kurna: Salam jama'a. Ga wata magana da nake son a tattauna. Akwai wani masanin falsafa Bajamushe Immanuel Kant, ya rasu 1804, a shekarar 1797 ya rubuta cewa ko da mai kisa ne ya biyo abokinka ya tsaya ƙofar gidanka ya ce yana ciki ko ba ya ciki, ba ka da damar yi masa ƙarya. Kuma ni wallahi da na bi hujjarsa sai na ga mutumin nan bai yi shirme ba.

Maman Ilham: Kai Ɗan Kurna ji tsoron Allah. Wato in na gudo gidanka tona min asiri za ka yi? To na gode da ka sanar da ni tun da wuri.

Ɗan Kurna: Hajiya ki bari in ƙarasa mana. Shi abin da yake cewa, wajibi wajibi ne, ba ya jiran a duba riba ko asara. Kafin ka yi abu ka tambayi kanka, zan yarda wannan ya zama doka a kan kowa da kowa? A littafinsa na 1785 ya kawo misalin wanda ya ci bashi ya yi alkawarin biya alhali ya san ba zai biya ba. In kowa ya yi haka ai babu mai sake yarda da alkawari, shi kansa bashin ba zai samu ba. To haka ƙarya take, tana cin amanar da ita kanta ta dogara da ita. A rubutun nasa na 1797 ya ƙara da cewa in ka ce abokinka ba ya nan, ashe ya fita ta baya ba ka sani ba, mai kisan ya juya ya ci karo da shi a hanya, da hannunka a ciki. In ko gaskiya ka faɗa, laifin kisan na wanda ya yi kisan ne.

Abu Sumayya: Wannan hujjar ta ƙarshe ita ce ta fi ba ni haushi. Mutum ya damu da wanke hannunsa fiye da ran wanda ya fake da shi. Ai tun a zamaninsa aka ba shi amsa, Benjamin Constant da ke rubutu a Faransa ya ce gaskiya hakki ce, kuma wanda zai cutar da wani da ita ba shi da hakkin a faɗa masa. Martani ma Kant yake yi masa a wannan rubutun na 1797.

Malam Na Zaure: Bismillah. Mu dai a wajenmu mas'alar nan ba baƙuwa ba ce. Imamu Nawawi a Riyadus Salihin ya buɗe babi kan abin da ya halatta na ƙarya, ya ce idan Musulmi ya ɓuya daga azzalumin da ke son kashe shi aka tambayi wani inda yake, wajibi ne ya yi ƙarya ya ɓoye shi. Ku lura, wajibi ya ce, ba halas kawai ba. Haka in an ba ka ajiya azzalumi ya zo ƙwacewa. Sannan a Sahihu Muslim an ruwaito rangwame a wuri 3: yaƙi, sulhunta mutane, da zancen miji da mata. Amma Nawawi ya ce abin da ya fi shi ne tauriyya, ka faɗi magana wadda a ranka gaskiya ce shi kuma mai ji ya fahimci wani abu daban, kamar yadda Sayyadina Abubakar ya yi a hanyar hijira da aka gan shi tare da Annabi (SAW) aka tambaye shi wane ne wannan, ya ce mutum ne da ke nuna min hanya.

Ɗan Kurna: Allah ya gafarta Malam, ai kun ga ku ma wajibi kuka kira shi, ba lissafin riba ba. Kenan ku da Kant layi ɗaya kuke, bambancin kawai wanne wajibi ne a gaba.

Malam Na Zaure: A'a ɗana, bambancin ya fi haka. Shi a wajensa hankali ne ke ɗora wa kansa doka. A wajenmu wanda ya wajabta shi ne ya yi rangwamen. An daɗe ana wannan gardamar tsakanin mazhabobin aƙida, Mu'utazilawa suna cewa hankali shi kaɗai yana iya gane kyakkyawa da mummuna, Ash'arawa suna cewa wajibi ba ya tabbata sai da shari'a.

Injiniya: Ni fa zan ɗan kare Ɗan Kurna saboda kun taru a kansa. Matsalarmu a ƙasar nan ba yawan gaskiya ba ne, yawan uzuri ne. Kowa da lalurarsa. Tela ya ce maka gobe alhali ko yanka yadin bai yi ba, dillali ya rantse an taya kaza, ma'aikaci ya sa hannu ya zo ƙarfe 8 alhali 11 ya shigo, kuma kowannensu in ka tsare shi zai ce maslaha ce, iyali yake ciyarwa. Da zarar ka buɗe ƙofar cewa in sakamakon zai yi kyau babu laifi, wa zai rufe ta? Abin da Kant ke tsoro kenan. Akwai misalinsa na mai kanti da ba ya tsawwala wa ƙaramin yaron da aka aiko, ya ce in don kada kwastoma su gudu yake yi to ciniki ne kawai, sai in don ya san wajibinsa ne aikin ke da daraja. Wannan kam ko Malam ba zai musa ba.

Malam Na Zaure: Ban musa ba, ayyuka da niyya suke.

Maman Ilham: Injiniya tela daban, mai bindiga daban, kar ka haɗa. Je ka ƙauyukan Zamfara ko Katsina ka ji, 'yan bindiga su shigo da dare su kama mutum su ce nuna mana gidan wane. Wanda ya nuna da son ransa infoma ake ce masa, babu mai ce masa mai gaskiya. Kuma wanda ya ce ban sani ba alhali ya sani, duk garin yabonsa za su yi.

Abu Sumayya: Akwai ma wata hanyar da ba a ambata ba. Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, jihar Filato, watan Yuni 2018 ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa. Maharan suka zo suka ce ya fito da su, dattijo mai shekara 83 ya tsaya ya ƙi, yana roƙonsu. Har Amurka ta karrama shi a 2019. Ƙin ba da amsa ba ƙarya ba ne.

Ɗan Kurna: Yauwa! Ai shi ma Kant bai ce dole ka buɗe baki ba, maganarsa a kan wanda aka tsare ne babu mafita sai i ko a'a.

Abu Sumayya: To ai nan ne gizo ke saƙar. Ba kowa ke da zuciyar Liman ba, kuma wani lokacin shirunka ma amsa ce, kana yin shiru sun gane yana ciki. In an kai wannan gaɓar me za ka ce? Kar ka kawo min littafi, kai nake tambaya.

Ɗan Kurna: Zan ce ba ya nan. Amma ba zan kira abin da na yi gaskiya ba, ƙarya ce na yi don wani wajibin ya danne wani, kuma ban yarda gobe tela ya kafa hujja da ni ba.

Injiniya: To wa ke yanke hukuncin wanne ya danne wanne? In kai ne da kanka a tsaye a ƙofa cikin daƙiƙa biyu, ai mun koma lissafin sakamakon da ka ce ba ka yi.

Maman Ilham: Ku bari Malam ya dawo daga masallaci ya amsa wannan, ni girki na ɗora.