Yarona yana da wata 14, ɗan marainansa ɗaya bai sauko ba: mu jira ko mu kai shi asibiti?

Maman Sadiq, Ƙauran Namoda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Tun kafin suna ungozoma ta lura ɗan marainan yarona na hagu ba ya cikin jakarsa, ta ce zai sauko da kansa. Yanzu watansa 14, shiru. In ina yi masa wanka nakan ji wani ɗan ƙulli a matse-matsinsa, amma ba ya gangarowa. Inna, uwar maigidana, ta ce a bari sai ya shekara bakwai lokacin kaciya. Maigidan kuma tsoron tiyata yake yi, ya ce yaron ya yi ƙanƙanta, ga shi yana ci yana wasa. Ni hankalina ya ƙi kwanciya.

Hajiya Kulu, Gusau:
Wa'alaikumussalam. Ɗiyata, ki kwantar da hankalinki. Jikana ma haka nashi yake, in da sanyi ya haye, in ya ji ɗumi ya dawo. Ki riƙa shafa masa man zaitun kina jawowa a hankali.

Malamar asibiti, Talata Mafara:
Hajiya, da girmamawa, na jikanki daban ne. Wanda ke hawa yana saukowa, kuma in an jawo shi ya zauna a jaka, yawanci sa ido kawai ake yi. Na Maman Sadiq bai taɓa saukowa ba. Shafa mai ba ya sauko da shi, don Allah kar a matsa wurin.

Likita, Gusau:
Maman Sadiq, damuwarki tana kan hanya. Marainan namiji a cikin ciki suke fara samuwa, sai a watannin ƙarshe na goyon ciki su gangaro. Kusan yara maza 3 cikin 100 da aka haifa a kan lokaci ana haihuwarsu ɗaya bai iso ba, a bakwaini kuwa abin ya fi haka yawa sosai. Mafi yawa suna saukowa a watannin farko. Wanda ya wuce wata 6 bai sauko ba, da wuya ya sauko da kansa, shi ya sa ake son yin aikin tsakanin wata 6 zuwa 18. Kin ga yaronki yana cikin lokacin, amma saura kaɗan.

Dalilin hanzarin shi ne zafi. Jakar ta fi cikin jiki sanyi da kamar digiri 2 zuwa 3, kuma ƙwayoyin da za su zama maniyyi wannan sanyin suke buƙata. Duk shekarar da aka ƙara, suna ƙara lalacewa ba tare da yaron ya ji ciwo ba. Sannan maraina da bai sauko ba ya fi saurin kamuwa da ciwon daji bayan balaga. Sauko da shi da wuri na rage haɗarin, kuma yana ajiye shi inda hannu zai ji in wani abu ya canza. Ki faɗa wa Baban Sadiq tunda ana jin sa a matse-matsi aikin bai cika tsawo ba, sau da yawa a ranar ko washegari ake sallama. Ku fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ku nemi ganin likitan tiyata. In da buƙata za a tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wurin likitocin tiyatar yara.

Baban Khalifa, Anka:
Ku tafi tare da Inna ta ji daga bakin likita, zai fi sauƙi. Ni kuma nawa yaron ƙofar fitsarinsa a ƙasan kan gaba take, fatar ta rufe sama kawai, har mutane na cewa da kaciyarsa aka haife shi. Allah Ya taimake mu likita ya hana a kai shi wurin wanzami, don da wannan fatar ake yin gyaran. Mai irin wannan yaro kar ya yi masa kaciya sai likita ya duba.

Maman Hanifa, Tsafe:
Likita, ɗan yayata shekararsa 3, nashi duka sun sauko, amma ɗaya ya kumbura ya yi tauri, ba ciwo. An ce gwaiwa ce.

Likita, Gusau:
Maman Hanifa, wannan ya fi na Sadiq gaggawa, a kai shi cikin makon nan. Gwaiwar ruwa taushi gare ta, in an haska ta da tocila hasken na ratsawa. Kumburi mai tauri marar ciwo kuwa ana ɗaukarsa ƙari ne har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne. Za a yi masa hoton sikanin da gwajin jini da ake kira AFP. Da yawa daga ƙarin da ke fito wa yara kafin balaga ba daji ba ne, wanda ya zama daji ma yana warkewa sosai in an kama shi bai bazu ba. Ta matse-matsi ake yin aikin, ba ta jakar ba, don haka kar a bari kowa ya tsaga ko ya huda wurin da allura. In kuma ciwo mai tsanani ya taso masa farat ɗaya a wurin, da amai ko babu, ko tsakar dare ne a tafi asibiti, don maraina da ya murɗe cikin kamar awa 6 ake iya ceto shi.