Inji yana mutuwa da zarar ya ɗau zafi, ina matsalar take?

Salamu alaikum, 'yan'uwa masu aikin sassabe da gyaran bishiyoyi. Ina neman shawara kan injin yankan itace, Stihl MS 381. Da sanyin safiya ja biyu yake tashi, amma bayan kamar minti 15 ana yanka reshen dogon yaro sai ya fara shaƙewa, ya mutu. Ba zai sake tashi ba sai ya huce.

Haɗin mai daidai yake, 50:1, wato mililita 100 na man haɗi a lita 5 ta fetur. An sa sabon filogi mai tazarar 0.5 mm, an wanke filtar iska, an canja ta cikin tanki. Kan filogin yana fitowa fari-fari, wannan ne ya fi damuna, don alama ce ta ƙarancin fetur ko iska na shiga ta wani wuri. Idan an buɗe murfin tanki ba a jin hucin iska, don haka ba na zargin toshewar mashaƙar tankin, wato 'yar kafar da iska ke shiga tanki ta cikinta.

Koyil mai ba filogi wuta ne ke yankewa da zafi, ko sil ɗin kiranshaf, wato robar da ke hana iska shiga ta gefen sandar da ke juyawa cikin injin? Ta yaya ake bambancewa ba tare da an kwance injin gaba ɗaya ba? Mutuwar inji a tsakiyar yanka, reshe na lilo bisa rufin mutane, hatsari ne babba. Allah ya saka da alheri.