Ina ci ba don yunwa ba, ko riƙon da aka yi mini ne?

Maman Hafsa, Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia, nan Kumasi. Duk ranar da raina ya ɓaci, ko wanda nake bi bashi ya gaya mini magana, ko muka saɓa da maigida, sai in jira gida ya yi tsit in shiga madafa. Tuwon da ya huce, ƙanzon shinkafa, burodi da suga, a tsaye nake ci, da sauri, kunnena na bakin ƙofa. Alhali na ci na dare tare da kowa.

Ina ƙarama aka kai ni riƙo wajen gwaggona. In na dawo tallan koko kuɗi bai cika ba, ranar da yunwa zan kwana. Can na koyi ƙulle ƙosai a bakin zani in ci a bayan ɗaki. Yanzu likita ya ce sugana ya hau. Abin da ya wuce tun ina yarinya zai iya kai hannuna tukunya yau, ko kwaɗayi ne kawai?

Baba Alhaji, Asawase:
'Yata, ba kwaɗayi ba ne. Mu da muka ga yunwar 1983 a nan Ghana, ga fari, ga gobarar daji, ga 'yan uwa da aka koro daga Najeriya, har yau wasunmu ba sa iya barin loma a kwano. Ciki ya ƙoshi, tsoron bai tafi ba. Allah Ya yaye miki.

Sani, Tafo:
Hajiya, ki riƙe azumin Litinin da Alhamis, zai karya abin.

Anti Nas:
Malam Sani, mai ciwon suga sai ta tambayi likitanta kafin azumin nafila. Kuma wadda aka hora da yunwa, wunin yunwa kan ƙara ingiza ta tukunya da dare.

Maman Hafsa, likitoci sun san wannan. Wani likita a Amurka, Vincent Felitti, ya lura masu rage ƙiba a asibitinsa suna gudu daidai lokacin da suka fara ramewa. Da ya zauna da su, sai ya tarar da yawa an cuce su suna yara. Binciken da ya biyo baya, wanda aka buga a 1998, ya nuna wahalar ƙuruciya na da alaƙa da ƙiba da cututtukan da ke zuwa bayan an girma. Tashin hankali yana sa jiki neman zaƙi da maiƙo, a samu sauƙi na ɗan lokaci, sannan kunya ta biyo.

Ki ci sau uku a zaune, cikin mutane, kada ki tsallake na rana saboda ciniki. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye. Ki ce kina son ganin mai ba da shawara, ki ba shi labarin gwaggo kamar yadda kika ba mu. Zuwa can ba hauka ba ne.

Maman Hafsa:
Amin Baba. Na gode Anti, zan je in sha Allahu. Amma maigida bai san komai ba, yana zaton yara ke cinye burodin. Ta ina zan fara gaya masa?